Na danna O ban karanta ba

Wata ranar Talata ce a cikin azumin 2024, rana ta take, na sallami yara kowa ya kama hanyar gida, sai wata ɗalibata ta ajin CM2 ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi tafiya. Tana riƙe da karnenta, wato ɗan littafin nan da muke rubuta sakamakon jarrabawa a ciki don iyaye su gani su sa hannu. Yarinya ce marar yawan magana, shekara biyu ina koyar da ita ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mushe, wannan ba makina ba ne. A lissafi takwas na ci, kai da kanka ka nuna mini takardar. Nan kuma huɗu aka rubuta."

Na karɓi karnen na duba. Huɗu cikin goma a lissafi, ta 31 a aji. Na koma shafin baya, na jarrabawar Disamba: huɗu a lissafi, ta 31. Layi bayan layi babu abin da ya bambanta. Gabana ya faɗi, don na san abin da ke rataye da wannan takarda. A watan Disamba mahaifinta ya zo har gidana ya ce zai cire ta, tunda ga alama karatun ba ya shiga, gida kuma ana bukatar hannu wajen jan ruwa da kiwon awaki. Da ƙyar da roƙo, ni da shugabar ƙungiyar iyaye mata muka samu ya yarda a bar ta zuwa jarrabawa ta biyu. Yarinya ta dage, ta yi abin da aka nema daga gare ta. Ni kuma ga shi na rubuta da alƙalamina cewa ko taku ɗaya ba ta yi gaba ba.

Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Duk ajin, yara 58, makin Disamba na sake kwafa musu a matsayin na Maris. Ita ce dai ta yi ƙarfin halin tsayawa. Silar abin kuwa agogon kwamfuta ne, da wata manhaja da na sa a ciki wata uku kafin wannan rana. Ina ba da labarin ne saboda na'urorin nan suna ta shigowa makarantunmu da gidajenmu, kuma yawancinmu ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana su. Da lalube muke koyo.

Makarantarmu tana wani ƙauye a karkarar Falanko, cikin Damargu ƙasar gero, gundumar Tanut ta jihar Damagaram. Wutar da muke da ita ta faifan sola ce guda ɗaya da batirinsa. Rezon salula kuwa sai mutum ya hau tudun yashin da ke yamma da gari, ya ɗaga hannu sama kamar mai addu'a. A ƙarshen 2022 wani ɗan garin da ke aiki a Faransa ya aiko mana da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Babban batirinta ya riga ya mutu, ba ta tashi sai an jona ta. Babu Windows a cikinta, Ubuntu aka sa mata, wani tsari na kyauta daga dangin Linux wanda ya fara fitowa a 2004. Ni aka damƙa wa ita don ni ne nake da salula mai intanet. Na koyi zuba maki a jadawalin LibreOffice, ita kuma ta tara jimilla ta jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Aikin da a da yake cin mini dare uku sai ya koma na yamma ɗaya.

Rigimata ta farko da agogonta ƙarama ce, har dariya ta ba ni. Daga zuwanta lokacinta daidai yake da na salulata. Kwatsam a ƙarshen Maris na 2023 sai na ga ta yi gaba da awa ɗaya cif. Na kira ɗan yayata da ke karatu a Damagaram, wanda shi ne malamina a wannan fanni. Ya ce, "Kawu, kwamfutarka har yanzu tana zaton a Paris take." Ashe a lokacin sanyi agogon Faransa da na Nijar ɗaya ne, duka awa ɗaya gaba da GMT. Amma ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris Turawa sukan tura agogonsu gaba da awa guda, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba su maido shi. Ya nuna mini inda zan zaɓi Yamai a maimakon Paris, magana ta ƙare.

A nan na fara jin labarin wani kundi da ke cikin kwamfutar mai suna tzdata. Shi ne yake riƙe da lokacin kowace ƙasa ta duniya, da ranakun da kowace gwamnati ta taɓa canza agogonta. Wani Ba'amurke, Arthur David Olson, ya fara tara shi a shekarun 1980, yanzu Paul Eggert na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ne yake jagorancin kula da shi, kuma tun 2011 yana ƙarƙashin hukumar IANA. Shi kansa ba ya yin komai a gaban idonka. Sauran manhajoji ne suke leƙa shi duk lokacin da suke son sanin ƙarfe nawa ne a wuri kaza. Abin da ya burge ni shi ne, a cikin kundin nan sunan Yamai nuni ne kawai zuwa Legas, don lokacinsu ɗaya. Wato abin da masu labarai a rediyo suke faɗa kullum, "agogon Najeriya da Nijar", haka yake a rubuce a cikin na'ura.

Ga wani abin lura kafin in wuce. Agogon hukuma daban, rana daban. Damargu tana wajen digiri 9 gabas, Yamai wajen digiri 2, kuma kowane digiri ɗaya minti huɗu ne na tafiyar rana. Shi ya sa muke shan ruwa kusan rabin awa kafin mutanen Yamai, alhali agogonmu ɗaya. Limaminmu bai taɓa tambayar kowa ƙarfe nawa ba, inuwarsa yake aunawa da ƙafa ya san azahar ta yi. Mutanen garin da hantsi da walaha da la'asar suke yanka alkawari, kuma ba sa saɓawa. Mu 'yan lakwal ne muka ɗaura wuyanmu da lambobi.

Babbar matsalar ta fara ne bayan dogon hutun 2023. Wata uku kwamfutar tana kulle a akwatin ƙarfe, cikin zafin ofis. Da muka dawo a Oktoba sai na lura kwanan watanta yana ja da baya. In na hau tudu na raba mata intanet daga salula, nan take ta gyara kanta. In na kashe na cire waya, washegari sai in tarar ta koma daidai ranar da na hau tudun. In na yi sati biyu ban hau ba, tana nan a sati biyun da suka wuce. Abin yana ba ni haushi, amma bai taɓa yi mini ɓarna ba, don ko ta makara, gaba take yi: takardar da na rubuta a Nuwamba ba ta taɓa ɗaukar kwanan watan da ya gabaci ta Oktoba ba.

A hutun Disamba na tafi Damagaram da ita a jaka. Ɗan yayata ya ce ya karanta cewa akwai wata manhajar daidaita agogo mai suna chrony, wadda aka tsara don na'urorin da ba kullum suke samun intanet ba. Wannan gaskiya ne, haka aka tsara ta. Na ce to ai mu aka yi wa ita. Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, ya ce in rubuta da hannuna don in koya: sudo apt install chrony.

Ya kamata in bayyana wannan apt ɗin, don shi ne tsakiyar labarin. A Ubuntu ba a yawon neman manhaja a shafuka barkatai. Akwai babban rumbu a intanet inda aka tara dubban manhajoji, kowace an ɗaure ta a ƙunshi guda, an rubuta a jikinta sunanta, da abin da take bukata kafin ta yi aiki, da waɗanda ba ta zama gida ɗaya da su. Shi apt ma'ajin wannan rumbu ne, daga tsarin Debian aka gado shi, yana aiki tun ƙarshen shekarun 1990. Ka ce masa kana son ƙunshi kaza, sai ya duba: wannan yana bukatar wancan, to in zo da su tare, wannan ba ya jituwa da wani da ke cikin gidan, to sai wancan ya fita. Ita kuma kalmar sudo da ke gaba, izinin mai gida ce, shi ya sa take tambayar kalmar sirri. Kafin ya taɓa komai, in har akwai abin da zai fita ko wani ƙari da zai shigo, apt yana zayyana maka duka, sannan ya tambaye ka ko ya ci gaba. Da yake tamu da Faransanci take magana, O ne na'am, n ne a'a.

Rubutu ya zubo a allon. Na ga tambaya a ƙasa, na danna O. Ɗan yayata yana amsa waya a lokacin. Cikin minti ɗaya aiki ya ƙare, agogo ya nuna daidai, na yi masa godiya na sa masa albarka.

Ni malamin Faransanci ne. Kullum sai na ce wa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su ɗauki alƙalami. A cikin rubutun da ya zubo a ranar akwai layin da ya ce za a cire wani ƙunshi, kuma kalmar ENLEVÉS da manyan baƙaƙe aka rubuta ta don kada ido ya tsallake. Nawa ya tsallake. Ƙunshin da aka cire sunansa systemd-timesyncd. Shi ne ɗan ƙaramin mai daidaita agogon da Ubuntu ta zo da shi tun asali, kuma ba a barin masu daidaita agogo biyu a na'ura ɗaya, don kowanne zai riƙa ja ta nasa wajen. Shigowar chrony ita ce fitarsa.

Yadda waɗannan manhajoji suke samo lokaci yana da daɗin sani, har na mayar da shi darasin lissafi a aji. A ce ka aiki yaro ƙauyen da ke kusa ya tambayo maka ƙarfe nawa a wurin mai agogo. Ya tafi ya dawo cikin minti arba'in, ya ce an ce masa ƙarfe goma daidai. To yanzu ƙarfe nawa? In tafiya da dawowa tsawonsu ɗaya, goma da minti ashirin ke nan. Haka kwamfuta take yi da wasu manyan na'urori a intanet waɗanda asalin lokacinsu daga agogon atom yake: ta aika tambaya, ta lura da tsawon zuwa da dawowa, ta raba biyu ta gyara. Ana kiran wannan tsari NTP. David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Delaware ta Amurka, shi ya fitar da bayaninsa na farko a 1985. Mutum ne da ya yi fama da ciwon ido tun yana ƙarami har ya makance daga baya, ya rasu a Janairun 2024, daidai lokacin da ni nake nan Damargu ina fama da abin da ya ƙirƙira ban ma san sunansa ba.

Amma duk wannan sai da intanet. In babu, kwamfuta tana dogara ne da wani ɗan agogo da ke jikin allonta na ciki, mai ƙwayar dutsen kwaz da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya. Wannan agogo ba ya barci ko an kashe na'ura, domin yana da nasa ɗan batir mai kamar sulalla. Namu wannan batir ne ya mutu a cikin akwati lokacin hutu. Duk daren da na cire waya, agogon ciki sai ya manta komai. Abin da ya sa ban gane ba tun Oktoba shi ne, wancan ƙaramin da na kora yana da wata ɗabi'a: duk sanda ya samu lokaci na gaskiya daga intanet sai ya ajiye alama, in aka kunna na'ura ya ga agogo ya koma baya da wannan alama, sai ya ja shi zuwa wurinta. Shi ne yake maido mu ranar da na hau tudu. Ni ina ganin makara ce, ashe rufin asiri yake yi mana. Ita chrony, a yadda ta zo, ba a kunna mata wannan aiki ba. Ta ɗauka agogon ciki yana da rai, kamar yadda yake a yawancin na'urori.

Da na dawo ƙauye a Janairu, agogo ya faɗa can 2022. A nan ya tsaya saboda tsarin ba ya yarda ya koma bayan ranar da aka gina shi. Ban lura ba. A saman allo wata da rana da awa kawai ake nunawa, babu shekara, ni kuma na riga na saba ganin kwanan wata ba daidai ba, na daina kallo. Na ce a raina maganin ɗan yayata bai ci ba, sai wani hutun.

A tsakiyar Maris muka yi jarrabawa ta biyu. Na gyara takardu, na zuba sababbin maki a kan tsofaffin cikin fayil ɗin nan guda mai suna CM2, wanda wannan ma wani sakaci ne nawa. Ina da kile USB da nake ajiye kwafi a ciki, kuma rabon da in sabunta shi tun Disamba. Daren da na gama, bayan tarawi, ido ya yi nauyi, na soka kilen don in daidaita su biyun. Na ga CM2 a nan, CM2 a can. Na duba kwanan wata: na kile 2023, na kwamfuta 2022. Kaina bai tsaya ya yi tambaya ba. Na jawo na kilen na ɗora kan na kwamfuta. Ta tambaye ni, akwai tsohon fayil mai wannan suna, a maye gurbinsa? Na ce a maye. Washegari da dare babban ɗana yana karanto mini daga allo ina cika karne 58, ina hamma.

Abin da ya fara yi mini ciwo bayan yarinyar ta tafi shi ne tunanin sauran. Akwai yaran da suka yi ƙoƙari aka ce ba su yi ba, suka haɗiye. Akwai waɗanda suka yi wasa aka ba su makin da ba nasu ba. Wani yaro ma an riga an dake shi a gida. Da yamma na bi gari gida-gida ina karɓo karne, ina cewa an yi kuskure. Allah ya taimake ni takardun jarrabawar suna nan a kwali, gara ta ci gefen wasu amma makin da na rubuta da jan biro yana sama. Dare biyu na yi ina sake zubawa, wannan karon a takarda tukuna.

Gidan mahaifin yarinyar na bari a ƙarshe, don kunya. Na je bayan an sha ruwa, na same shi a kan tabarma a ƙofar gida. Muka gaisa, na tambayi iyali da ibada, sannan na ce, "Baba, kuskure na zo gyarawa. Abin da aka rubuta a karnen 'yarka ba nata ba ne. Ga takardunta na gaskiya." Shi mai karatun allo ne, ba ya karanta boko, amma ya san lambobi sarai, mutumin kasuwar dabbobi ne. Ya haska tocila ya daɗe yana kallon takwas ɗin. Ya ce, "To Mushe, jiya ka ce ta 31, yau ka ce ta tara. Wanne zan kama?" Na ce na yau. Ya ce, "Na'urar taku ce ta yi ƙarya, ko kai?" Na so in ce na'ura, don da ya fi mini sauƙi, kuma da ya yarda. Na ce, "Ni ne, Baba. Ta tambaye ni sau biyu, duka biyun na amsa ban duba ba." Ya yi shiru. Can ya ce a bar masa takardar lissafin ta kwana a wurinsa.

Da na koma kan kwamfutar, da fushi na koma. Ɗan yayata ya ce ta waya in buɗe wani fayil, /var/log/apt/history.log, inda apt yake rubuta duk abin da ya taɓa sakawa ko cirewa, da ranar, da umarnin da aka ba shi. Ga shi nan a rubuce ranar da muka zauna a Damagaram: an sa chrony, an cire systemd-timesyncd. Ya ce, "Kawu, yi haƙuri, da na tsaya na duba." Na ce hannuna ne ya danna.

Nan take na rubuta sudo apt remove chrony. Cirewa ba ta bukatar intanet, ta fita. Na ɗauka wanda aka kora zai dawo da kansa tunda wanda ya kore shi ya tafi. Bai dawo ba. Shi apt abin da ka ce shi yake yi: ka ce ya cire, ya cire. Yanzu kwamfutar ta zama ba ta da mai daidaita agogo ko ɗaya, ko na hau tudu tana nan a 2022. A nan na koyi cewa cirewar ma iri-iri ce. Kalmar remove tana fitar da manhaja amma ta bar fayilolin saitinta, kamar baƙon da ya tafi ya bar tabarmarsa da butarsa ko zai dawo. Kalmar purge tana haɗawa har da su ta share. Akwai kuma autoremove, mai kwashe 'yan rakiyar da suka shigo tare da wani ƙunshi, waɗanda yanzu ba mai bukatarsu. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke maido abin da aka kora.

A cikin wannan fushi na tuna da tzdata. Na ce duk wani abu mai alaƙa da lokaci bari in fitar da shi in sake sabon lale. Na rubuta umarnin cirewa. Rubutu ya zubo, tambaya ta fito a ƙasa, yatsana ya nufi O. Sai na tsaya na karanta. Ƙarƙashin ENLEVÉS ba tzdata kaɗai ba ne, ga jerin wasu ƙunsoshi da suka jingina da shi, waɗanda in ya fita dole su bi shi. Wasu sunayen ban san su ba, amma na ga kalmar ubuntu a jikin ɗaya. Na danna n, na rufe na'urar, na fita waje na sha iska. Kundin nan ba shi da laifin komai a cikin abin da ya same mu, kuma da na fitar da shi, a ƙauyen da ba mai gyara, ban san ranar da za ta sake zama daidai ba. Daga baya na koyi cewa in ka ƙara -s a cikin umarnin, apt zai nuna maka duk abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. Yanzu ba na sa komai ko in cire sai na fara da shi.

Maido da wanda na kora ma sai da ya ba ni wuya. Na hau tudu na raba intanet, na ce wa apt ya sabunta jerin kayan rumbu. Ya ƙi. Ya ce takardar shaidar rumbun lokacinta bai yi ba tukuna. A wurinsa muna 2022, takardar kuma an sa mata hannu a 2024, wato daga gaba ta zo, ba zai amince da ita ba. Shafukan intanet ma haka suka yi ta ƙi buɗewa, don su ma shaidarsu tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ga ni ina neman mai gyara agogo, an ce ba za a ba ni ba sai agogona ya yi daidai. Na zauna a kan yashi ina dariyar takaici. Mafitar ashe mai sauƙi ce: na duba salula na sa kwanan wata da hannu ta umarnin date, sannan sabuntawa ta wuce, sannan sudo apt install systemd-timesyncd. Wannan karon na karanta kowane layi, har da waɗanda ba su shafe ni ba.

Ba na ganin laifin chrony, kuma ba na cewa kowa ya guje ta. A inda batirin ciki yake da rai, aikinta yana da kyau ƙwarai, har ma tana da hanyar da ake kunna mata irin waccan ajiyar alama ga wanda ya sani. Abin da na fahimta shi ne, wanda ya rubuta "ba kullum ake samun intanet ba" yana nufin mutumin da ya rufe kwamfutarsa a ofis ya buɗe a gida. Bai hango wanda zai yi wata guda bai hau tudu ba, da na'urar da batirinta biyu duk sun mutu. Yawancin shawarwarin da yaranmu suke karantowa haka suke, an yanka su ne a jikin wasu. Iyaye da ke miƙa wa yaro salula su ce "gyara mini", su ma ina ganin yana da kyau su riƙa tambaya, me za ka sa, me kuma zai fita. Hotuna nawa da lambobin mutane nawa suka salwanta a garinmu saboda an ce waya ta cika a share wani abu.

Ainihin ciwon kuwa sai a hutun ƙarshen Maris aka yi maganinsa. Na kai ta wurin wani mai gyara kusa da Kasuwar Dole a Damagaram. Ya kwance bayanta ya zaro ɗan batirin, an naɗe shi da roba yana da siraran wayoyi biyu. CR2032 ake kiransa, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3. Ya auna ya ce babu komai a ciki. Ya sa sabo, jaka ɗaya har da kuɗin aiki. Ya tambaye ni tun yaushe take wannan ciwo, na ce wata shida. Ya dube ni bai ce komai ba, ya ci gaba da ɗaure kusoshi.

Yanzu kowace jarrabawa fayil ɗinta daban, kuma da hannuna nake rubuta wata da shekara a cikin sunan. Makin kuma sai ya shiga babban rajista na takarda kafin ya shiga na'ura. Kowace safiya in an rubuta kwanan wata a allo, akwai yaron da aikinsa ne ya buɗe kalandar kwamfutar ya karanto da ƙarfi, har da shekara, aji ya ce daidai ko ba daidai ba.

Takardar lissafin nan ba ta dawo hannuna ba. Da na tambayi yarinyar, ta ce babanta ya sa ta a cikin gafakarsa. Ranar da aka koma makaranta a Afrilu na iso da sassafe na tarar da ita a bakin aji tana jiran a buɗe ƙofa. Ita na fara ba aikin karanto kalandar.